Tantance lamba 4,294,967,297, daga alƙalamin ƙarshe har zuwa masu raba ta

Lambar da na ɗora a kan takarda ita ce 4,294,967,297. Alƙaluma goma ne. A baki kuwa, biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Abin da nake nema shi ne ajinta a lissafi: cika ce ko mara, firam ce ko haɗaɗɗiya, su wa ke raba ta, kuma cikin masu rara take ko cikin masu giɓi, wato jimlar masu raba ta ban da ita kanta ta fi ta ne ko ta gaza ta. Da firam ina nufin lambar da ba mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, irin 2, 3, 5, 7 da 11. Wadda ba haka ba haɗaɗɗiya ce, domin ƙananan lambobi aka ninka suka ba da ita. Kayan aikin takarda ne da biro da kalkuleta mai ɗaukar alƙaluma goma sha biyu. Kwamfuta wuri ɗaya kawai ta shigo, inda hannu zai sha wahala a banza.

Na fara da abin da ido ke gani. Alƙalamin ƙarshe 7 ne, saboda haka mara ce, kuma 2 da 5 da 10 duk sun fita. Wannan 7 ɗin ya ƙara rufe ƙofa biyu. Murabba'i, wato lambar da aka samu ta ninka wata lamba da kanta, da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9 yake ƙarewa, ba ya taɓa ƙarewa da 7. Lambobin alwatika ma, irin 1, 3, 6, 10, 15, da 0, 1, 3, 5, 6 ko 8 suke ƙarewa. Ba murabba'i ba ce ke nan, ba kuma ta alwatika ba ce.

Sai na tara alƙaluman: 4+2+9+4+9+6+7+2+9+7 = 59. An raba 59 da 9 saura 5, an raba ta da 3 saura 2, don haka 3 da 9 ba sa raba babbar lambar. Wannan 5 ɗin na rubuta ta a gefen takarda, za ta yi amfani wajen duba aiki daga baya.

Ga 7 da 11 da 13 ba sai an yi doguwar rabawa sau uku ba, tunda 7 × 11 × 13 = 1,001. Ana yanka lambar uku-uku daga dama, a riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi: 297 − 967 + 294 − 4 = −380. Abin da ya raba 380 cikin ukun nan shi ke raba babbar lambar, kuma ba ko ɗaya. Wurin da ake tuntuɓe a nan shi ne alamar ɗebewa. Idan ragowar ake so a sani, ba 380 za a raba ba, sai an ƙara wa −380 abin da zai ɗago ta sama da sifili. Ga 7 da 11 a ƙara 385, ragowa 5. Ga 13 a ƙara 390, ragowa 10.

Daga nan hanyar da kowa ya sani ita ce a ci gaba da gwada 17, 19, 23, har a dace. Kafin in kama wannan hanya sai da na auna tsawonta. Idan lamba haɗaɗɗiya ce, ƙaramin mai raba ta ba zai wuce tushen murabba'inta ba, don haka gwaji a nan yake tsayawa. Tushen ya faɗo kusa da 65,536, kuma da na ninka sai ga 65,536 × 65,536 = 4,294,967,296. Firam ɗin da ke ƙasa da 65,536 guda 6,542 ne. Rabawa dubu shida da ɗoriya da hannu ba aikin da mai hankali zai fara ba ne sai ya rasa wata dabara.

Amma wannan ninkawar ta tona asirin lambar. Tazararta da murabba'i 1 ce kacal, kuma 65,536 ita ce 2¹⁶, wato a jera 2 guda 16 a ninka su. Ashe lambar tamu 2³² + 1 ce. Duk wanda zai tantance babbar lamba, ina ba shi shawara ya duba maƙwabtanta na sama da na ƙasa tukuna, ya ga ko tana jingine da murabba'i ko da wani ninkin 2 ko na 10. Siffar lamba ta fi alƙalumanta faɗin gaskiya.

Lambobi masu wannan siffa suna da suna, lambobin Fermat ake ce musu. Pierre de Fermat, masanin shari'a ɗan Faransa, ya lura cewa 2¹ + 1 = 3, 2² + 1 = 5, 2⁴ + 1 = 17, 2⁸ + 1 = 257, 2¹⁶ + 1 = 65,537, kuma duk biyar ɗin firam ne. A 1640 ya bayyana zatonsa cewa duk waɗanda za su biyo baya haka suke. Tamu ita ce ta shida a jerin, ana kiranta F5 domin daga sifili ake fara ƙirga. Leonhard Euler ne ya rushe zaton a 1732. Na san amsar tana cikin littattafai, amma a nan hanyar nake so, domin ita ke aiki a kan lambar da ba a rubuta amsarta ko'ina ba.

Gwajin da ya yi ƙarya

Tambaya biyu ce daban: shin haɗaɗɗiya ce, kuma su wa ke raba ta. Ta farkon ta fi sauƙi, ana iya amsa ta ba tare da an gano mai rabawa ko ɗaya ba. Ƙa'idar da ake dogara da ita ta Fermat ɗin ce shi kansa. Idan lambar da ake gwadawa, mu kira ta n, firam ce, ka ɗauki wata lamba wadda n ba ta raba ta, ka ɗaga ta zuwa mataki n − 1, wato ka jera ta sau n − 1 ka ninka, ka raba da n, ragowa 1 za ka samu. Idan ragowar ta zo ba 1 ba, magana ta ƙare, n haɗaɗɗiya ce.

Yawanci da 2 ake fara gwajin, ni ma da ita na fara, kuma ko biro ba a buƙata. Tunda n = 2³² + 1, to 2³² ta gaza n da 1. Idan aka ninka ta da kanta, 2⁶⁴ za ta bar ragowa 1. Matakin da ake so, n − 1, shi ne 2³², kuma 64 tana raba shi daidai. Ragowa 1 ke nan. Lambar ta ci gwajin.

Wannan ci ba ya nufin komai. Ƙa'idar cewa ta yi duk firam zai ba da 1, ba ta ce duk mai ba da 1 firam ba ne. Mafi ƙanƙantar haɗaɗɗiyar lambar da ke yaudarar 2 ita ce 341, wadda take 11 × 31. Akwai ma irin 561, wato 3 × 11 × 17, da ke yaudarar duk lambar da ba ta haɗa mai rabawa da ita ba. Su ne ake kira lambobin Carmichael. Game da lambobin Fermat kuwa, dukkansu suna cin gwajin 2, firam da haɗaɗɗu, saboda da 2 aka gina su. Tambayar 2 game da wannan lamba kamar tambayar uwa ne game da halin ɗanta.

Sai na koma kan 3. Ba a lissafa 3 a mataki 4,294,967,296 kai tsaye, lambar ba za ta shiga kowace takarda ba. Ninka lamba da kanta ake yi, a raba da n, a riƙe ragowar kawai, a sake ninka ragowar da kanta, har sau 32. Huɗun farko ba wahala: 9, sai 81, sai 6,561, sai 43,046,721. Na biyar shi ne 1,853,020,188,851,841, kuma idan aka raba shi da n ragowar 3,793,201,458 ce.

A daidai nan kayan aiki ke fara cin amana. Wannan lambar ta biyar alƙaluma 16 ce. Kalkuleta mai alƙaluma goma sha biyu ba za ta ɗauke ta ba. Excel kuwa alƙaluma 15 na farko yake riƙewa, ya mayar da sauran sifili ba tare da ya yi gargaɗi ba, kuma a lissafin ragowa alƙalamin ƙarshe ɗaya idan ya canza duk abin da ya biyo baya ya lalace. Zagaye na shida ya fi muni, domin ninka 3,793,201,458 da kanta yana ba da alƙaluma 20, sama da 9,223,372,036,854,775,807, wadda ita ce iyakar ma'ajin lamba na bit 64 mai alama, wato mai ɗaukar har lambobin ƙasa da sifili, a harsunan kwamfuta irin C da Java. Lissafin zai malale ya ba da amsa, amsar kuma ta banza ce. Python ba shi da wannan matsalar, domin yana faɗaɗa wa lamba wuri gwargwadon girmanta, kuma pow(3, n-1, n) yana yin aikin duka a layi ɗaya. Da shi na ƙarasa.

Bayan zagaye na 31 ragowar 10,324,303 ce. Bayan na 32 kuma 3,029,026,160, ba 1 ba. Haɗaɗɗiya ce, babu shakka, kuma ba ta cikin lambobin Carmichael tunda 3 ta kama ta. Adadin zagaye na 31 ɗin ma hujja ce mai zaman kanta. Gwajin da Pépin ya kawo a 1877 ya ce lambar Fermat firam ce idan ragowar wannan zagaye ta zama n − 1, in ba haka ba haɗaɗɗiya ce. Nan ya kamata a ga 4,294,967,296, sai aka ga miliyan goma da 'yan kai.

Neman mai raba ta

Yanzu na san akwai mai rabawa a ƙasa da 65,536, amma gwajin bai faɗi ko wane ne ba. Akwai wata dabara ta Fermat ta neman murabba'i biyu waɗanda bambancinsu shi ne lambar. Tana da sauri idan masu rabawar biyu suna kusa da juna. A nan, kamar yadda ya bayyana daga baya, za a tashi daga 65,537 ne sai an kai 3,350,529 kafin a dace, gwaji sama da miliyan uku. Ba hanya ba ce.

Hanyar da ta ɓulle ita ce a tambayi siffar lambar wane irin firam ne zai iya raba ta. A ce p ya raba 2³² + 1. To 2³² ta gaza wani ninkin p da 1, kuma 2⁶⁴ tana barin ragowa 1 idan an raba ta da p. Mataki mafi ƙanƙanta da 2 ke komawa ragowa 1 dole ya raba 64. Ba zai zama 32 ko wani mai raba 32 ba, domin da haka ne da 2³² ta bar 1. Saura 64 kaɗai. Ƙa'idar Fermat kuma ta ce a mataki p − 1 ma ana samun 1, saboda haka 64 tana raba p − 1. Ma'ana duk firam ɗin da zai raba lambar nan ninkin 64 ne da ƙarin 1.

Jerin ya zama 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, da sauransu. Na soke haɗaɗɗun, sai 193, 257, 449, 577 da 641 suka rage a goman farko. Édouard Lucas ya ƙara tsuke ƙofar a 1878, ya nuna cewa ninkin 128 da ƙarin 1 ne, wanda da shi 257 da 641 kawai za su rage. Na gwada duka biyar ɗin duk da haka, don in ga ƙa'idar Lucas tana aiki.

Gwajin ma ba sai an taɓa babbar lambar ba. Ana farawa daga 2⁸ = 256, a ninka sau biyu ana riƙe ragowa, sannan a ƙara 1. Ga 193: 256 ta bar 63, 63 × 63 = 3,969 ta bar 109, 109 × 109 = 11,881 ta bar 108, a ƙara 1 ya zama 109. Bai raba ba. Ga 257: 256 ta gaza da 1, ninkinta ya bar 1, ninkin 1 ya bar 1, ragowa 2. Ga 449 ragowar 325 ce, ga 577 kuma 288. Ga 641: 65,536 − (641 × 102) = 154, sannan 154 × 154 = 23,716, alhali 641 × 37 = 23,717. Ta gaza da 1 daidai, a ƙara mata 1 ɗin nan ragowa ta zama sifili. An samu mai rabawa, kuma babu lambar da ta wuce alƙaluma shida a duk aikin. Da an bi firam ɗaya bayan ɗaya, 641 shi ne na 116.

Abin mamaki, Fermat ya san wannan salon tunani. Da irinsa ya gano cewa 223 yana raba 2³⁷ − 1. Bai dai kai ga 641 ba.

Akwai wata hujjar da nake so saboda gajartarta. Ana iya rubuta 641 ta fuska biyu: 5 × 2⁷ + 1, da kuma 5⁴ + 2⁴. Fuskar farko ta ce 5 × 2⁷ ta gaza 641 da 1, don haka idan an ɗaga ta mataki huɗu, 5⁴ × 2²⁸ tana barin 1. Fuska ta biyu ta ce a lissafin ragowa 5⁴ daidai take da −2⁴. A musanya, sai −2³² ta bar 1, wato 641 ya raba 2³² + 1.

Doguwar rabawar ta tafi haka. 641 cikin 4,294 sau 6, saura 448. A sauko da 9: 4,489, sau 7, saura 2. A sauko da 6: 26, ba ya shiga, a rubuta 0. A sauko da 7: 267, ba ya shiga, a sake rubuta 0. A sauko da 2: 2,672, sau 4, saura 108. A sauko da 9: 1,089, sau 1, saura 448. A sauko da 7: 4,487, sau 7 cif. Amsa 6,700,417.

Sifilin nan biyu su ne tarkon. Mai gaggawa yakan sauko da alƙaluma uku a jere ya manta da su, ya fito da 67,417. Duba aiki ta hanyar tara alƙaluma ba zai kama wannan kuskuren ba. Alƙaluman 641 sun ba da 11, wato 2. Na 6,700,417 sun ba da 25, wato 7. 2 × 7 = 14, wato 5, daidai da 5 ɗin da na ajiye a gefe. Amma 67,417 ma 25 take bayarwa, tunda sifili ba ya ƙara komai. Abin da ke kama shi kiyasin girma ne: 641 sau dubu sittin da bakwai miliyan arba'in da uku ne, ina shi ina biliyan huɗu. A yi duban biyu, ba ɗaya ba.

Wani tarkon na masu dogara da allon na'ura ne. Idan aka raba lambar da 65,537 ana samun 65,535.00003. Ɗakin Excel da aka saita ya nuna alƙaluma biyu bayan ɗigo zai nuna 65,535.00, mutum ya ɗauka ta rabu. A riƙa ninka amsar a mayar, a ɗebe, a ga ragowar da ido. A nan 2 ce.

Aiki bai ƙare ba sai an san halin 6,700,417. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ɗauka firam ce don kawai ta yi kama da firam. Tushen murabba'inta yana tsakanin 2,588 da 2,589. Duk firam ɗin da ya raba ta ya raba babbar lambar, saboda haka shi ma ninkin 128 ne da ƙarin 1. Irin waɗannan a ƙasa da 2,588 guda 20 ne, daga 129 zuwa 2,561. Sha biyar haɗaɗɗu ne, wasu a fili kamar 385 da 1,025, wasu a ɓoye kamar 1,537 = 29 × 53, da 1,921 = 17 × 113, da 2,561 = 13 × 197. Biyar suka rage. Da 257 ragowa 170, da 641 ragowa 44, da 769 ragowa 120, da 1,153 ragowa 334, da 1,409 ragowa 622. Ba wanda ya raba ta, firam ce. Gwada 641 a karo na biyu ba ɓata lokaci ba ne, shi ya nuna cewa sau ɗaya yake shiga.

To, 4,294,967,297 = 641 × 6,700,417.

Sauran azuzuwan

Da zarar wannan layin ya samu, sauran tambayoyin 'yan mintoci ne. Firam biyu ne mabambanta suka gina ta, don haka tana cikin ajin masu firam biyu kacal, kuma ba murabba'in da ke raba ta sai 1. Irin wannan ajin ne tsarin ɓoye saƙo na RSA ya dogara da shi, sai dai can firam ɗin suna da ɗaruruwan alƙaluma. Yayarta a jeri, 65,537, ita ce lambar da aka fi sa wa a makullin fili na wannan tsarin.

Masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Jimlarsu 642 × 6,700,418 = 4,301,668,356. Idan aka cire ita kanta saura 6,701,059. Lambar da wannan jimla ta yi daidai da ita cikakkiya ce, kamar 6, 28, 496 da 8,128. Wadda jimlar ta fi ta mai rara ce, kamar 12. Wadda jimlar ta gaza ta mai giɓi ce. Tamu mai giɓi ce ƙwarai, jimlar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari shida nata ba. Don kwatance, akwai cikakkiyar lamba ɗaya mai alƙaluma goma, 8,589,869,056, wadda take 65,536 × 131,071. Jimlar alƙalumanta kuma, 59, ba ta cikin masu raba ta, don haka ba ta shiga ajin lambobin da jimlar alƙalumansu ke raba su ba.

Tambaya ta gaba, wanda ya karanta rabon gado a zaure ya san ta. Malaman fara'id suna duba lambobi biyu su ce tsakaninsu tamasul ne, ko tadakhul, ko tawafuƙ, ko tabayun, kuma tabayun shi ne lokacin da ba mai raba su duka biyu sai 1. Daga 1 zuwa lambarmu, guda nawa ne ke tabayun da ita? Ana rage wa kowane firam 1 a ninka: 640 × 6,700,416 = 4,288,266,240. Wannan shi ne adadin Euler na lambar. Na duba shi ta baya: ninkin 641 guda 6,700,417 ne, ninkin 6,700,417 guda 641 ne, lambar kanta an ƙirga ta sau biyu, sai a cire 1, jimla 6,701,057. A ɗebe wannan daga babbar lambar, amsar ta zo daidai.

Inda na fi daɗewa shi ne jimlar murabba'i biyu. Hanya ɗaya a fili take, 65,536² + 1². Firam ɗin da ke barin 1 idan an raba shi da 4 hanya ɗaya tak yake da ita, amma lambar da irin waɗannan firam biyu suka gina tana da hanya biyu. Ana fito da ta biyun daga masu rabawar. 641 = 25² + 4², kuma 6,700,417 = 2,556² + 409², wato 6,533,136 + 167,281. Sai a ninka gicciye: 25 × 2,556 = 63,900, 4 × 409 = 1,636, 25 × 409 = 10,225, 4 × 2,556 = 10,224. Idan aka tara biyun farko aka ɗebe biyun ƙarshe, 65,536 da 1 ke fitowa, wadda muka sani. Idan aka ɗebe biyun farko aka tara biyun ƙarshe, sai ga 62,264 da 20,449. Na ninka don tabbatarwa: 3,876,805,696 + 418,161,601 = 4,294,967,297. Wanda ya faɗa kan wannan hanya ta biyu tun farko, ko bai san 641 ba, ya riga ya mallaki hujjar cewa lambar ba firam ba ce.

A matsayin jimlar lambobi masu bin juna kuwa hanya uku ce, gwargwadon masu raba ta na mara ban da 1. Mafi gajarta 2,147,483,648 + 2,147,483,649. Sai lambobi 641 daga 6,700,097 zuwa 6,700,737, waɗanda 6,700,417 ke tsakiyarsu. Sai lambobi 1,282 daga 3,349,568 zuwa 3,350,849.

A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya, 1 ce, sai sifili 31, sai 1, alƙaluma 33. A rubutun gida sha shida kuma 100000001. A duka biyun ana karanta ta daga dama ko hagu ba bambanci, abin da ba ta da shi a rubutunmu na gida goma. Wannan alƙalami na 33 yana da illa a aikace. Ma'ajin bit 32 marar alama a 4,294,967,295 yake cika. Idan aka cusa masa lambarmu, alƙalamin sama zai faɗi, 1 ta rage. Manhajar da aka rubuta da irin wannan ma'aji za ta yi ta bincike a kan 1 tana zaton babbar lambar ce.

Na ƙarasa da maƙwabta, domin aji yakan fi fitowa idan an jera lamba da na kusa da ita. Ta ƙasa da ita, 4,294,967,296, ita ce 2³², adadin adireshin da tsarin IPv4 na intanet ke iya bayarwa. Masu raba ta 33 ne, kuma jimlarsu ban da ita ta gaza ta da 1 kacal. Ta ƙasa da wannan, 4,294,967,295, ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537, firam ɗin Fermat biyar ɗin nan gaba ɗaya. Shi ya sa raba lambarmu da 3, da 257, da 65,537 duk ya bar 2, kuma shi ya sa tun farko ana iya soke 257 daga jerin gwaji. Firam mafi kusa da ita ta ƙasa 4,294,967,291 ne, ta sama kuma 4,294,967,311.

Bambancin nan ya kai har ga zane. Gauss ya nuna a 1796 cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai, Wantzel kuma ya ƙarasa hujjar sharaɗin a 1837. Sharaɗin shi ne adadin Euler na yawan gefen ya zama ninkin 2 zalla, wato 2 kawai aka jera aka ninka aka same shi. Siffa mai gefe 4,294,967,295 ta cika shi, mai gefe 4,294,967,296 ma ta cika. Mai gefe 4,294,967,297 ba ta cika ba, saboda 640 = 128 × 5, kuma wannan 5 ɗin ta shiga cikin 4,288,266,240.

Lambar da ke bin ta a jerin Fermat, 2⁶⁴ + 1, ita ma da wannan hanyar ake kama ta, sai dai tafiyar ta fi nisa: mai raba ta ninkin 256 ne da ƙarin 1, kuma na farko shi ne 274,177, wanda Landry ya wallafa a 1880. Daga F5 zuwa F32 duk an tabbatar haɗaɗɗu ne. F33 ita ce ta farko da har yanzu ba a yanke mata hukunci ba.